Gwarzon karta a Las Begas da ɗan cacar unguwarmu a Katsina

A daminar bara ɗan ƙanwata da ke zaune a Ƙofar Ƙaura ya turo mini wani gajeren bidiyo ta WhatsApp, inda aka nuna wani Bature zaune a bayan tulin bandir-bandir na daloli, yana ɗaga munduwar zinare, jama'a suna ta shewa. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta cewa, "Kawu, wai da gaske ne a garin nan naku karta kawai mutum zai buga ya tashi da dala miliyan goma?" Na amsa masa da cewa gaskiya ne, amma na san rabin magana na faɗa masa, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙin motar haya a birnin Las Begas na jihar Nebada, kuma duk watan Yuni da Yuli mu ne muke ɗauko masu zuwa wannan gasa daga filin jirgi, mu ne kuma muke mayar da su. Wanda yaron ya gani a bidiyo mutum ɗaya ne tak, sauran kuwa, waɗanda ba a ɗaukar hotonsu, su ne suke cika mana motoci ranar komawa gida.

Sunan gasar World Series of Poker, wato gasar duniya ta wani nau'in wasan karta da ake kira foka. Wani mai gidan caca, Benny Binion, shi ya fara shirya ta a 1970 a gidan cacarsa mai suna Horseshoe, kuma a wannan shekarar 'yan wasan ba su kai goma ba, har ma ƙuri'a suka jefa a tsakaninsu suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwaninsu. A 1971 mutum shida suka zuba dala 5,000 kowannensu, Moss ya kwashe dala 30,000. Daga 1972 aka mayar da kuɗin shiga babbar gasar, wadda ita ce kan gaba cikin gasannin da ake yi a ƙarƙashin wannan suna, dala 10,000, kuma har yau haka yake, kuɗin da a canjin yanzu ya haura naira miliyan goma. Munduwar zinaren da ake bai wa zakara ta samo asali ne daga 1976.

Yadda ake wasan ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ya kalli masu karta. Ana raba wa kowa kati biyu da zai ɓoye, sannan a baje kati biyar a tsakiyar tebur kashi-kashi, kowa yana haɗa nasa da na tsakiya domin ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Kafin a buɗe kowane kashi sai a yi zubi, wanda ya ga ba zai iya ba ya ajiye katinsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. A nan ne burga take shigowa, domin mai kati mara ƙarfi yana iya zuba dukiya mai yawa da fuskar shanu har ya tsorata wanda ya fi shi, ya ci ba tare da an ga abin da ke hannunsa ba. A gasar, kowa yana farawa da 'yan kwabban roba daidai da na kowa, wanda nasa suka ƙare ya tashi, a haka za a yi ta tankaɗe da rairaya kusan mako biyu har a rage mutum tara a tebur ɗaya, daga nan a rage ɗaya.

Abin da ban faɗa wa ɗan ƙanwata ba shi ne inda kuɗin suke fitowa. A 2023 mutum 10,043 suka shiga babbar gasar, wato an tara dala miliyan 100 da 'yan kai. Masu shirya gasar suka cire kasonsu, kashi 7 cikin ɗari, kafin a raba kati ko ɗaya, aka bar dala miliyan 93.4 domin rabo. Wani mutumin jihar Jojiya mai suna Daniel Weinman ya ɗauki dala miliyan 12.1, kuma mutum 1,507 ne suka sami wani abu, da yawansu ɗan abin da ya ɗara zubinsu kaɗan. Ragowar mutum 8,536 sun tashi hannu rabbana, ban da kuɗin jirgi da na otal da suka kashe. Duk dalar da ke cikin tulin nan da ake ɗaukar hoto daga aljihun wani da ya zauna a ɗakin ta fito, kuma wanda ba ya taɓa yin asara a shekara ko ɗaya shi ne mai gidan.

Wannan ne ya sa duk lokacin da na ji masu sharhi a talabijin suna kiran abin da sunan wasan motsa jiki, suna kiran wanda ya ci da sunan zakaran duniya, sai Katsina ta faɗo mini a rai. Mu ma muna da gasa, muna da gwanaye. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko garinmu ya yi suna a ƙwallon dawaki, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa har yau da shi ake misali a wannan fage. Wanda aka doke a filin folo yana komawa gida da dokinsa da mutuncinsa, kofin da aka bai wa abokin karawarsa ba da kuɗin cefanen gidansa aka saye shi ba. Ɗan damben da ya sha ƙasa bayan kaka, ciwon jiki da kunyar kiɗan da aka yi wa wani su ne asararsa, kyautar da aka liƙa wa wanda ya kashe shi daga hannun 'yan kallo da masu hali ta fito. Haka dattawan da suke haƙa gurabe talatin a ƙasa suna dara da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, ana iya cinye mutum sau biyar a jere, abin da zai biya bai wuce dariyar majalisa ba. Na san akwai masu yin fare a gefen fili, a dambe da sukuwa duka, amma in ka kore su wasan yana nan daram. Foka kuwa in ka cire zubi babu abin da ya rage, domin da kuɗin ake tsorata abokin hamayya.

Muna yara akwai 'yan caca a unguwarmu, kuma kowa ya san inda suke zama, a wani kango bayan tasha, suna baje karta a kan buhu. Abin da ya bambanta mu da Amurka shi ne mu mun san ɗan caca daga farkonsa har ƙarshensa. Mun ga ranar da ya ci ya sayi sabon keke ya yi ta raba goro, mun kuma ga ranar da aka zo aka ɗauki keken, da ranar da matarsa ta yi yaji saboda ya sayar da kwanukan jerenta. Da yake rayuwarsa duka a gaban idonmu take, ba a taɓa yi masa kirari ba, ba a taɓa cewa wane ne zakaran cacar Katsina ba, kuma in ya je neman aure magana ɗaya ta isa ta rushe shi. A nan kuwa an yanke rayuwar mutum an ɗauko dare ɗaya, daren da ya ci, an haska shi da fitilu an watsa wa duniya.

Babu wanda wannan ya fi bayyana a kansa kamar Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tenesi. A 2003 ya sami kujerar shiga gasar ta hanyar wata ƙaramar gasa ta intanet a shafin caca na PokerStars da kuɗin da bai kai dala ɗari ba, ya zo ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. A daidai lokacin ne gidajen talabijin na Amurka suka fara amfani da 'yar ƙaramar kyamara da ke nuna wa mai kallo katin da ɗan wasa ya ɓoye, sai kowa a falonsa ya ga kamar shi ma da zai iya. A 2004 masu shiga suka zama 2,576, a 2005 suka kai 5,619, a 2006 kuwa 8,773, shekarar da Jamie Gold ya ci dala miliyan 12. Nasarar akanta ɗaya ta ninka masu zubi sau goma cikin shekara uku, kuma mafi yawansu kallon kitse suka yi wa rogo.

Ba zan zalunci wasan in ce sa'a ce zalla ba. Na ɗauki 'yan wasan da suke kwana suna lissafin yiwuwar fitowar kowane kati, suna nazari da manhajojin kwamfuta kamar masu shirin jarrabawa, kuma mutum irin Phil Hellmuth, wanda ya ci babbar gasar a 1989 yana ɗan shekara 24 kuma ya tara munduwa 17 a gasanni daban-daban, ba za a ce duk katari ya yi ba. Doyle Brunson ya ci a 1976 da 1977, Johnny Chan ya ci a 1987 da 1988. Sai dai a lura da cewa waɗannan sun yi tashensu ne lokacin da masu shiga ba su wuce gommai ko ɗari da wani abu ba. Tun daga 1997 babu wanda ya sake cin babbar gasar karo na biyu, kowace shekara sabon suna ake ji, alhali a dara ko kokawa gwani yakan riƙe kambunsa shekaru ana zuwa ana faɗuwa a gabansa. Gwanintar da ke cikin foka ma ta ƙara tabbatar da abin da nake faɗa, domin ƙwararru suna rayuwa ne a kan kuɗin 'yan koyo, shi ya sa a bakinsu sunan wanda bai iya ba shi ne kifi.

Ko shi wanda ya ci, adadin da ake shelantawa ba shi ne yake shiga aljihunsa ba. Hukumar haraji ta Amurka tana da kaso mai tsoka, wanda a irin wannan kuɗi yakan kai kashi 37 cikin ɗari, kuma da yawa daga 'yan wasan wasu ne suke biya musu kuɗin shiga bisa sharaɗin a raba abin da aka samu. Labarin Stu Ungar shi ne wanda tsofaffin direbobin garin nan suka fi bayarwa. Ya ci gasar a 1980 da 1981, ya sake ci a 1997 bayan wani abokinsa ya biya masa kuɗin shiga, suka raba dala miliyan ɗaya. Mutane da yawa suna ganin ba a taɓa yin mai kaifin ƙwaƙwalwa a karta kamarsa ba. Abin da ya samu a tebur ya ƙare a faren tseren dawaki da wasanni da kuma miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a nan Las Begas yana da shekara 45, da 'yan ɗaruruwan daloli a aljihunsa. Da na fara jin labarin, mutumin kangon bayan tasha na tuna, mai sabon keke.

Hukuncin addini ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya yi makarantar allo, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, kuma malamanmu sun isar. Abin da ya fi damuna shi ne kada mu ɗauka cewa mun tsira don kawai mu ba mu gina wa caca benaye. Jihar Nebada ta halatta caca tun 1931, amma ta kafa mata doka mai tsauri: wanda bai kai shekara 21 ba ba ya zama a tebur, akwai hukuma mai sa ido a kan gidajen, kuma a kowane gida za ka ga lambar wayar da wanda caca ta zame wa ciwo zai kira a taimake shi. Su sun yarda suna da cutar, sun tanadi ɗan magani ko da bai isa ba. Mu kuwa da na je gida hutun ƙarshe, na tarar kangon bayan tasha ya zama shaguna, amma cacar ta koma cikin waya. Na zauna a wani gidan kallon ƙwallo kusa da Ƙofar Marusa, na ga samari kowa da 'yar takardarsa ko wayarsa, ba wasan suke kallo ba, lissafin wasanni goma da suka jera suke yi. Hisba tana iya rufe shago, amma ba ta ganin abin da yaro yake latsawa a ɗakinsa da tsakar dare, kuma yanzu unguwa ba ta ganin ranar da aka zo ɗaukar keke, domin asarar ta asusun banki take bi shiru. Abin da ake yaɗawa a Facebook shi ne hoton takardar wanda ya zuba naira ɗari ya ci dubu ɗari biyar, wato mu ma mun koyi nuna dare ɗaya.

Kwana biyu bayan saƙon ɗan ƙanwata na ɗauki wani dattijo daga otal zuwa filin jirgi da asuba. Ya ce mini malamin makaranta ne da ya yi ritaya, wannan ne zuwansa na shida, kuma a rana ta biyu aka fitar da shi da kati mafi ƙarfi a hannunsa, sai katin ƙarshe ya juya masa baya. Ya yi ta bayyana mini yadda lissafinsa ya yi daidai, kashi tamanin cikin ɗari nasara tasa ce, kuma na yarda da shi. Na tambaye shi ko ya taɓa mayar da kuɗinsa a cikin zuwa shidan, ya ce sau ɗaya ya kusa. Da muka isa na sauke masa jakarsa, ya ba ni dala biyar ta goro, ya karɓi lambata ya ce in Allah ya kai mu baɗi ni zai kira in ɗauko shi.