Kiɗan Aljanu a Gindin Dala

Tun ina firamare a Katsina Inna ta yanke hukuncin cewa kunnena ba irin na mutane ba ne. Yaran unguwa na bin masu kalangu, ni kuwa ina maƙale da rediyon Baba, ina murɗawa har sai na kamo tashar Nijar. Labarai ba su dame ni ba. Abin da nake jira shi ne wani ɗan kiɗa da suke sakawa tsakanin shiri da shiri, babu ganga, babu garaya, babu muryar ɗan Adam, sai wani sauti siriri mai karkarwa kamar sauron da ya yi karatun boko. Sai a 2013, da wani kamfani a Amurka ya sake fitar da kiɗan, na san cewa mai shi Mamman Sani ne na Yamai, kuma da fiyanon lantarki ƙirar Italiya ya naɗi kaset ɗinsa a 1978. A gidanmu dai sunan da Inna ta raɗa masa shi ya bi shi: kiɗan aljanu.

Ciwon ya ƙaru ina sakandare. Wani mai sayar da kaset ya ɗora min gyara a kan kaset biyu da na saya, ya ce shekara guda ke nan babu wanda ya taya shi, in ma ban so ba in yi naɗi a kansa. Ashe Oxygène ne na Bafaranshen nan Jean-Michel Jarre, wanda ya haɗa shi a cikin gidansa a Faris a 1976. Na saurara har zaren ya fara tsinkewa ina liƙewa da jan farcen ƙanwata. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne duk ƙarar iskar nan da ta igiyar ruwa da ke ciki, babu wanda ya je bakin teku ya ɗauko su. Na'urar da ake kira sintesaiza ce ke haifar da sautin daga wutar lantarki, mai kiɗan yana murɗa maɓallai, yana tace shi kamar mai tankaɗe, har shuuu ɗin da rediyo ke yi in babu tasha ya koma guguwa. Na taɓa yi wa Inna wannan bayanin. Ta ce to, ai ta faɗa, abin da babu mai bugawa amma yana kuka, me sunansa?

A 1998 Allah ya kai ni Alƙahira karatu. Shekara na zagayowa sai ga sanarwa: Jarre zai yi wasa a gindin dalolin Giza daren 31 ga Disamba 1999, daren shiga shekarar 2000. Mutumin da ya tara mutum miliyan a tsakiyar Faris a 1979, ya je Sin a 1981, ya tara sama da miliyan uku a Mosko a 1997, yau ga shi tsakanina da shi kuɗin mota ne kawai. Na san yadda yake mayar da bangon dogayen gine-gine allon majigi, na ga hotonsa sanye da safar hannu yana kaɗa wata garaya da igiyoyinta haske ne zalla. Wannan karon kuma jikin dala za a haska.

Matsala biyu ce. Ta farko, azumi ake, har an shiga goman ƙarshe. Ta biyu, kuɗin tikiti. Na warware ta biyun da cin ful (dafaffen waken Masar) da gurasa safe da dare, wato sahur da buɗa-baki, har sati uku. Ta farkon kuwa ban warware ta ba, na dai kau da kai.

Abokin ɗakina wani Bazazzagi ne da muke kira Alaramma, mutumin da ko waƙar talla ya ji sai ya yi istigfari. Da ƙyar na ja shi, da hujjar cewa dalolin ayoyi ne ga masu hankali, kuma bai kamata ya gama karatu a Masar bai ga abin da Fir'aunoni suka bari cikin dare ba. Ya ce zai je don wa'azantuwa.

Da yammacin ranar na sayo kaset biyu iri ɗaya, masu minti casa'in. Wancan zamanin babu wayar hannu ta GSM a Najeriya, sai a 2001 ta zo, don haka wasiƙar da Inna ke ganewa ita ce kaset. Wani ɗalibi zai tafi gida Sallah, sai na zauna na cika ɗaya da gaisuwa. Ɗayan na zura a ƙaramar rikodata na cusa cikin rigar sanyi, don in dawo da wasan gida, in ajiye wa jikoki.

Muka kama hanyar Haram, wato unguwar da dalolin suke, bayan mun sha ruwa. Mota ta sauke mu, wata ta ɗauka, sannan aka taka cikin rairayi har na fara zargin an wuce Masar. Can sai ga dandamali, ga fitilu, ga jama'a kamar Arfa. Na ɗaga kai in ga dala.

Babu dala.

Ni ɗan Katsina ne, na san hazo, amma namu busasshe ne mai fasa leɓe. Wannan jiƙaƙƙe ne, fari fat, ya sauko ya zauna kamar an kafa shi. Ginin da ya shekara sama da dubu huɗu da ɗari biyar a tsaye, ya ga Girkawa ya ga Rumawa bai gusa ba, sai daren da na ci ful na sati uku dominsa ya zaɓa ya ɓuya. Ana harba hasken, hazo na shanyewa. Daga inda muke, shi kansa mai kiɗan bai fi ƙwayar gero ba, in ma shi ne. Ga sanyin hamada yana shiga ta ƙafar wando.

Amma fa kiɗan, a bar shi. Sautin da na saba ji ta lasifika mai faɗin marfin kwalba, yau ga shi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙasa yana dukan haƙarƙarina. Da aka sako wani da na haddace tun ina aji uku, sai da idona ya kawo ruwa. Alaramma ya leƙo fuskata ya ce, "Malam, kuka kake? Ko a tahajjud ban taɓa ganin hawayenka ba."

Wajen sha ɗaya da rabi na danna maɓallin naɗi, na mayar da rikoda ƙirji na ja zif har wuya. Sha biyu na cika jama'a suka kwashe da ihu, aka saki wasan wuta, sama ta yi ta fashewa muna jin ƙara muna ganin hazo na canja launi. Da asuba ta gabato muka ja ƙafa muka nemi sahur, ni ina dafe da ƙirji kamar mai ɗauke da zinariya.

Washegari mai tafiya gida ya zo yana sauri, na miƙa masa kaset. Ɗayan na ɓoye a akwati, na ce ba za a buɗe ba sai bayan Sallah, a gaban jama'a. Kuma na tara jama'ar. Na dafa shinkafa da wake, na gayyato 'yan Najeriya da 'yan Nijar na benenmu, har da waɗanda suka yi min dariya. Na yi musu lacca kan yadda ake tace sauti, na ce kowa ya rufe ido, na danna.

"Assalamu alaikum Inna, ɗanki ne. Wallahi Inna karatu ya yi zafi, goman ƙarshen nan ko barci ba na yi, kullum ina masallaci har asuba..."

Alaramma ya riƙe min hannu, ya ce ai sauti a bar shi ya tace. Haka suka saurari roƙon kuɗi, da roƙon kilishi da yaji da daddawa, da kuma wurin da na rage murya na ce a gaida 'yar gidan Kawu, a ji min ko har yanzu babu wanda ya fito. Har na gama karatu, in na shigo ɗaki sai wani ya ce, "Har yanzu babu wanda ya fito?"

Abin da ya faru a Katsina kuwa, ƙanwata ce ta rubuto min shi dalla-dalla. Inna ta sa an shimfiɗa tabarma, ta kira maƙwabta su zo su ji muryar ɗanta na Masar. Ka tuna lokacin gari ya cika da jita-jitar cewa da shigar 2000 kwamfutoci za su rikice, jirage su faɗo. Aka danna. Sai guguwa, sai wani gurnani daga ƙasa, sai ƙaf-ƙaf-ƙaf, wato haƙorana. Rikodar da ke cikin riga ba ta ɗauki Bafaranshe sosai ba, ni ta ɗauka. Sai muryata: "Innalillahi, ba na ganin komai." Can kuma: "Ƙafafuna sun mutu. Alaramma riƙe ni, kar mu rabu." Sai ihun dubban mutane, sai fashe-fashe, sai Alaramma a sanyaye: "Ni dai na ce kar mu zo."

An ce Kawu ya tsaya a kan yaƙi ne, wata tsohuwa ta ce wane irin yaƙi da kiɗa, Inna kuwa ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce ta san muryarsu, tun yana yaro suke kiransa ta rediyo, yanzu sun kai shi garinsu. Kwana uku ana saukar Alƙur'ani, har an yanka zakara, kafin Baba ya samu layi ta wayar wani ofis ya ji cewa ina raye. Abin da ya fara tambaya bayan ya tabbatar da lafiyata shi ne wane masallaci ne a Masar ake wannan kiɗan a goman ƙarshe.

Da ɗalibin ya dawo ya kawo min ƙunshi. Babu kilishi, tunda ba su ji roƙon ba. Akwai ƙullin garin magani, da turaren hayaƙi, da kaset ɗina. Na yi hamdala, na ce ko ba komai wasan ya dawo hannuna. Sai na juya shi na ga 'yan kunnuwan nan biyu na sama da ake karyawa don kar a yi naɗi a kai suna nan daram, ban karya ba.

Inna ta cika shi gaba da baya da nasiha. Sai a can ƙarshen gefen farko, inda ta tsaya shan ruwa ƙanwata ta kashe rikoda, aka bar min daƙiƙa kamar ashirin na daren shiga 2000. Akwai ɗan amon kiɗa daga nesa, akwai tarina, sannan muryar Alaramma tana cewa, "Wai don Allah, ina dalar take?"