Wanda ya liƙe fitilar ya san abin da ya ɓoye

Ha'inci ne aka yi wa Malam, wani tsohon malamin makaranta da dillalin mota ya sayar wa Camry mai ciwon inji. Duk wanda ya ga Camry ɗin nan ta Malam a bayan janwe, ya kuma ji abin da aka tarar da aka kwance allon gabanta, ya san sunan abin ke nan. Amma tun da maganar ta fito nake jin wasu suna neman raɗa masa wani suna. Wai kasuwa ce. Wai ciniki ido ne. Wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haba jama'a! Mai rariya ai ɗaga maka ita yake yi, ka ga hudojinta da idonka kafin ka biya. Nan kuwa zama aka yi da sukuddireba, aka ciro allo, aka liƙe fitilar gargaɗin inji da baƙin salatif ta ciki, aka mayar da komai wurinsa, aka bi da tsumma aka goge. Hannun mutum ne ya yi wannan aikin, kuma mai hannun ya san dalilin da fitilar take kamawa.

Dattijon nan a aji ya ƙarar da ƙuruciyarsa, alli a hannu. Ya yi ritaya, ya sha jiran giratuti, da kuɗin suka fito ya ce bari ya sayi abin da zai riƙa kai iyali asibiti da gaisuwar 'yan uwa. Motar ko Kwanar Dangora ba ta kai ba inji ya buga. Da aka juye baƙin man, sai ga shi da kauri yana ja da ƙyar, an haɗa shi da irin maganin nan da ake zubawa don a kashe ƙarar inji a rage hayaƙi. Alhali a kan murfin man an rubuta 5W-20, wato lambar mai marar kauri, ƙuru-ƙuru. Kowane bakanike a garin nan ya san injin 2.4 na Camry ɗin 2007 zuwa 2009 yana da halin shan baƙin mai ta wajen ringi, kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar. Wanda ya zuba mai kaurin nan bai gyara komai ba. Rufe wa injin baki ya yi na 'yan kwanaki, iya lokacin da kuɗi za su shiga asusu.

To ku masu cewa kasuwa ce, wace kasuwar? A cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ka ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani? A nan aka faɗi maganar da yaran Islamiyya ma suka haddace, cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ku lura, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan sama ne. Laifinsa ɓoyewa. Akwai kuma hadisin ɗaure hantsar tunkiya ko raƙuma a bar nono ya taru don mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Hukuncin a fili yake: in ya tatsa ya gane, yana da zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Ba a ce masa me ya sa ba ka zo da makiyayi ya duba maka ba. Ba a ce ciniki ya riga ya faɗa ba. Risala da muke karantawa a zaure ta jero su a babin ciniki, algus da yaudara da ɓoye aibi, duk haramun ne. Mu da muka tashi da wannan karatun, yau mu ne za mu dubi dattijon da aka cuta mu ce shi ne bai yi wayo ba?

Sai wani ya ce ai dala ce. Na sani. Na san a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, shekara ba ta zagayo ba ta haura 1,500. Na san a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da mutane da yawa suka dogara da ita ta zama ta ɓoye. Na san kuɗin kwastam ya yi sama. Duk wannan dalili ne na tsada, kuma ba wanda ya hana ka tsauwala kuɗin motarka. Ka ce miliyan kaza, in mutum zai iya ya saya, in ba zai iya ba ya yi gaba. Amma dala ba ta saya maka salatif ba, ba ita ta riƙe maka sukuddireba ba.

Wani kuma ya ce dillali bai sani ba, haka aka kawo ta. Wannan ma ku bar shi. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke shigowa daga gwanjo ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Can ba a ɓoye komai. Hotuna ne ta kowane ɓangare, ga gaban a murƙushe, ga jakar iska ta fashe tana reto a sitiyari, ga takarda ta nuna inshora ta riga ta cire rai da motar. Mai saye yana kallon hoton ya taya. Ta sauka a Legas, a kai ta wajen mai bugun jiki, a ja ƙarfen da sarƙa, a shafe da foti, a fesa fenti. Ni ban ce wannan sana'ar haramun ce ba. Motar da ta yi haɗari aka gyara ta da kyau tana iya yi wa mutum shekaru. Ka faɗa mini ta taɓa buguwa a gaba, ka rage kuɗi, ni na ga zan iya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka dafa bonet ka ce wallahi tallahi ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba, wata tsohuwar Baturiya ce take zuwa coci da ita. Rantsuwa tana sayar da kaya, tana kuma shafe albarkarsa, wannan ma hadisi ne.

Kuma maganar jakar iska ta wuce maganar kuɗi. Sabuwa tana da tsada, don haka sai a cusa tsumma ko soso a gurbin, a liƙe murfin, a maƙala ɗan ƙaramin abu a wayar don kwamfutar motar ta zaci jakar tana nan. Magidanci ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa ya hau titin Kaduna yana ganin yana da kariya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, wa zai amsa wannan a gaban Allah?

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya sa Malam bai tafi da bakanike ba. Ya tafi da shi! Bakaniken ya zagaya motar, ya ɗan shuri taya, ya buɗe bonet, ya taka totur inji ya yi kuka, ya ce "Baba, wannan lafiyarta ƙalau, ka biya kawai." Sannan ya ce zai zaga bayi, ya bi ta bayan ofis. Kowa ya san me ake karɓowa a bayan ofis. Dillali yana da la'ada a wajen mai mota, yana da ita a wajen mai saye, ɗan rakiya yana da nasa, bakanike yana da na goro, kuma duk ba mai samun sisi sai ciniki ya faɗa. Mutum biyar a tsaye a kan mota, huɗu cikinsu abincinsu yana cikin ka ce na saya. Sannan a ce dattijo ne da laifi don ya yarda da Musulmi ɗan uwansa da ya rantse masa?

Duk da haka, tunda ba gobe za su daina ba, 'yan uwa ku kare kanku. Bakaniken da zai duba maka mota kai za ka biya shi kuɗin aikinsa tun daga gida, ka ce masa ko an saya ko ba a saya ba wannan naka ne, kuma kada ya zama wanda dillali ya nuna maka. Ka je da sassafe ba tare da ka sanar ba, ka sa hannu a kan inji ka ji da sanyinsa. Inji mai ciwo da safe yake tona kansa, shi ya sa za ka tarar an riga an ɗumama shi kafin ka iso. A tayar a gabanka, kai kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai yake ƙonawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne yake shiga inji. Ka buɗe murfin man, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, ka yi sallama.

Abin da zai ceci Malam kuwa bai fi daƙiƙa goma ba. Ka murɗa makulli zuwa inda allo yake kamawa, kada ka tayar. Dole fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya: ta inji, ta baƙin mai, ta batir, ta birki, ta jakar iska. Motar tana gwada su ne. Wadda ba ta kama ba a wannan lokacin, kashe ta aka yi. Ta jakar iska da kanta take ɗaukewa bayan 'yan daƙiƙu, in ka ga sai an tayar take mutuwa tare da ta mai a lokaci guda, to haɗa wayoyinsu aka yi. Sannan a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin soka na'urar a ƙarƙashin sitiyari. Ko an goge laifuffukan da safen nan, na'urar za ta nuna cewa motar ba ta gama gwaje-gwajenta ba tun bayan gogewar, mai duba na kirki zai gane.

Lambar jikin mota, mai harufa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Ka tabbatar iri ɗaya ce da ta takardun kwastam, sannan ka rubuta ta a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon za su fito maka, ka ga motar a ranar da aka sayo ta. Rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, shi kuma yana nuna tafiyar da ta yi. Ba'amurke yana cin wajen mil 12,000 a shekara, to motar 2008 da ke nuna mil 70,000 alhali fatar sitiyari ta suɗe, robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, agogonta aka mayar baya. Ruwa kuma shi ne mugun, don ba ya nunawa sai bayan watanni, wayoyi su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Ka ɗaga kafet, ka ciro safaya ka leƙa ramin, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera, ka jawo bel har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin laka. Motar da aka cika wa turare, ka tambayi kanka wane wari ake rufewa.

Bayan duk wannan, ka ce wa dillalin, Alhaji, abin da ka faɗa da baki a rubuta a rasit: ba ta yi haɗari ba, ruwa bai ci ta ba, ba a buɗe inji ba, in aka samu saɓanin haka za a mayar da kuɗi. A sa hannu, da shaidu biyu. Mai gaskiya ba zai ji komai ba. Wanda ya fara cewa haba ranka ya daɗe, ai mu da amana muke yi, ka riƙe kuɗinka. Da wannan takardar kana da abin kai wa alƙali, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokarta ta hana yi wa mai saye ƙarya a kan kaya.

Na san za a ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gaskiya ne, akwai dillalan da za su ce maka wannan giyarta tana fizga, kada ka saya wa iyali. Allah Ya yi musu albarka. Amma ku na kirkin, a gabanku ake kwance allon nan, rumfa ɗaya kuke zama, sahu ɗaya kuke sallah. Kuna da shugabanni, kuna da ƙungiya, kuna iya korar mutum daga fili in ya ci la'adar ɗan uwansa dillali. Me ya sa ba a korarsa in ya cuci mai saye? A mayar wa Malam kuɗinsa, a karɓi motar, wanda ya liƙe fitilar ya sayar da ita da sunan abin da take.

Tunda ma ana maganar inji, don Allah bakanikai ku daina cire wa mutane tamostat, ɗan abin nan da ke daidaita zafin inji. Mota ta sauka lafiya, abu na farko sai a ce wannan na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye tana ta juyawa tun daga tayarwa. Motocin da ke yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke, kuma zafin can bai gaza namu ba. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90 ne. In ka hana shi kaiwa nan, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, sai ta riƙa ƙara masa fetur, a wannan tsadar da ake ciki tun da aka cire tallafi. Ga kuma ɗura ruwan leda a lagireto maimakon ruwansa mai launi, shekara guda ka buɗe ka ga jan tsatsa ya toshe hanyoyin. In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa, a duba fanka da famfon ruwa, in tamostat ɗin ne ya maƙale a sayo sabo a saka.