Baƙon da ya biyo dutse daga Legas

Kun dai san tankin gilashin nan na ruwan gishiri da ke falona a Samaru, wanda maiɗakina take kira kishiya. Watan jiya na sa aka turo min dutsen teku mai rai (wanda ƙananan halittun ruwa ke zaune a jikinsa) daga Legas, a jiƙe cikin kula, har Kwangila na je na tare motar. Na auna gishiri ya tsaya 1.025, wato daidai da na ruwan teku, na jera duwatsu, na ɗora 'yan murjanina na zoa (wasu halittun teku masu kama da ƙananan furanni), shi ke nan.

Kwana huɗu bayan haka aka ɗauke wuta bayan isha'i. Ina haska tocila sai ga wata 'yar katantanwa kamar ƙwayar gyaɗa tana zuba sauri a jikin gilashi. Ni dai ban saya ba. Na kuma taɓa karanta labarin wata mai suna Heliacus da ke shigowa a maƙale da dutse ta cinye zoa tas. Nan take na yanke mata hukunci.

Da na cire abata shiru, da babu mai ji. Ina! Sai da na leƙa majalisa na kirawo mutane su zo su ga aikin masana. Mutum biyar suka shigo, har da Kawu, har da maƙwabcin nan namu mai akuya. Na ɗaura leda a hannu saboda dafin zoa, na ɗauki matsefata, na hau kujera 'yar tsugunno ina bayani kamar a ɗakin lacca.

Na cafko ta baya, na ɗago. Jama'a, sai abar ta rabu biyu! Gaban ya koma ruwa ya shige ƙarƙashin dutse, bayan kuwa ya suɓuce ya faɗa cikin hannun jallabiyata yana wutsil-wutsil. Ga sanyi, ga santsi, ga shi yana gangarawa wajen hammata. Wai cewa na yi "Wayyo Inna!" Ni na fi tuna salati na yi, amma mutum biyar sun shaida. Kujera ta goce, waya ta tsunduma cikin bokitin ruwan gishiri, ni kuma na tuɓe jallabiya a gaban Kawu, daga ni sai singileti mai huda a cibiya. Kawu ya juya yana karanta kalandar bango.

Ɗan yayata, ɗan aji biyu a sakandare, shi ya lalubo hotonta a wayarsa. "Ai Stomatella ce. Gansakuka take ci, share maka gilashi take yi. In an taɓa ta sai ta yar da wutsiya kamar tsaka." Ya nuna min: Heliacus ɓawonta a naɗe yake kamar faifai, da zane ɗaki-ɗaki. Wannan kuwa nata a shafe yake kamar farce, ko jikinta bai gama rufewa ba. Ashe mai shara na kai wa hari.

Duk wannan da sauƙi. Mai akuya ne ya fi ƙona min rai. Mutumin da tun ranar farko yake tambayata yaushe kifin zai isa yanka. Mutumin da akuyarsa ta cinye min zogale sau uku bai taɓa cewa uffan ba. Shi ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, dodon koɗi kake so? Ai da ka faɗa, cike suke a bakin Kubanni, kyauta." Kafin asuba labari ya kai teburin mai shayi, har an ƙara cewa na suma. Kuma igiyar janaretona tana wajensa tun Ƙaramar Sallah, in ya ga wannan ya dawo min da ita.

Jiya da dare na ƙirga guda shida a jikin gilashi. Wayar dai tana cikin shinkafa, maiɗakina ta ce gobe za ta dafa.