Ku bar ɗalibi ya gwada da hannunsa

Jiya wata ƙanwata da ke karatun jinya a nan Sakkwato ta zo tana haddace darasin zagayawar jini kamar karatun allo. Na ce mata, "Ta yaya aka san jinin zagayawa yake yi?" Ta ce haka yake a littafi. Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai.

Fiye da shekara dubu likitoci suna bin maganar Jalinus, wani tsohon likita Bagirke, cewa hanta ce ke ƙera jini daga abinci, jiki ya shanye, kuma jini na ratsa wasu ƙananan ramuka a bangon da ya raba zuciya biyu. Shi ma a littafi yake. Ibnun Nafis, wani likita Balarabe wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya ce babu ramukan nan, ta huhu jinin ke bi.

Wanda ya fi burge ni shi ne William Harvey na Ingila, a 1628. Lissafi ya yi. Da ma'aunin yau, zuciyar baligi tana tura kusan lita 5 a minti ɗaya, wato lita 300 a awa. Jarka 12 kenan masu cin lita 25, cikin kurar mai ga-ruwa! Wace hanta ce za ta ƙera wannan daga tuwon dare? Ashe jini ɗaya ne ke kai da komo. Bai tsaya nan ba, ya ɗaure dantse, jijiyoyi suka kumbura, ya danna da yatsa ya nuna jinin cikinsu zuciya kawai yake nufa, ba ya komawa baya. Ƙananan hanyoyin da ke haɗa jijiyoyin da ke kai jini da masu dawo da shi kuwa bai gan su ba har ya mutu. Malpighi, wani likitan Italiya, shi ne ya gan su a huhun kwaɗo a 1661.

Na ɗaure mata hannu da ɗankwali muka gwada, ta gani da idonta.

Abin da nake roƙon malamanmu kenan. Muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwa, muna da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, muna da masu azumi. A ba yara agogo da ma'aunin hawan jini su auna bugun zuciyar juna da safe da kuma bayan la'asar, su rubuta hasashensu kafin awo, su maimaita, sannan su kwatanta da abin da littafin ya ce.