Bashin da mutum biyu suke ciwo wa unguwa guda

'Yan uwanmu masu shirin sayen gida a kewayen Houston, irin su Katy da Cypress, don Allah ku karanta wannan kafin ku sa hannu a takarda.

A jihar Texas ta Amurka, idan mai kamfanin gine-gine ya sayi fili a bayan gari, inda ruwan famfo da magudanan birni ba su kai ba, sai ya nemi a kafa masa wata 'yar hukumar samar da ruwa da magudanai da ake kira MUD (Municipal Utility District). Ko dai hukumar kula da muhalli ta jihar, TCEQ, ta amince, ko wani ɗan majalisa ya shigar da ƙudiri na musamman a Austin, babban birnin jihar, majalisar ta zartar da shi. Dokar da ta tsara su ta 1971 ce, amma tushenta gyaran tsarin mulkin jihar ne na 1917. Bayan an kafa ta, da daraktocinta biyar, daga baya sai ta ciwo bashi ta biya mai kamfanin abin da ya kashe wajen shimfiɗa bututun ruwa da na bahaya da kwalbatoci. Bashin kuma masu gidaje ne za su biya shi ta hanyar haraji, shekara ashirin ko talatin.

Ni ban ƙi tsarin ba. Duk wanda ya taɓa zama a sabuwar unguwar da kowa ke haƙa rijiyar burtsatsensa, 'yan garuwa na tura kura a cikin taɓo, ya san darajar ka tare a gida ka murɗa famfo ruwa ya zubo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓen. Doka ta ce sai mazauna yankin sun kaɗa ƙuri'a kafin a ci bashin. To amma a lokacin fili ne fetal, sai ciyawa da shanu. Sai a jawo gidan tafi-da-gidanka a ajiye a gefen fili, a zaunar da mutum biyu ko uku, su yi rajista da wannan adireshin. Ranar zaɓe su ne za su amince da bashin da kan kai ɗaruruwan miliyoyin daloli, daga baya su kwashe kayansu. Iyalan da za su biya ba su ma san da unguwar ba tukuna. Wannan ba adalci ba ne, ko da doka ta halatta shi.

Kuma nauyin ba kaɗan ba ne. A sabuwar unguwa harajin MUD yakan kai dala 1 a kan kowace dala 100 ta darajar gida. Gidan dala 300,000 ke nan zai biya dala 3,000 duk shekara, ban da harajin makarantu da na gunduma. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, gidaje suka zama kufai a Houston, birnin da ya dogara da harkar man, bashin ya koma kan tsirarun da suka rage, wasu hukumomin suka kasa biya. Bayan nan ne aka tsaurara sharuɗɗa.

A ganina, ya kamata majalisa ta sa a sake neman yardar mazauna na haƙiƙa bayan unguwa ta cika, kafin a ƙara ciwo wani bashi.

Kai kuma ɗan uwa mai sayen gida, doka ta wajabta wa mai sayarwa ya ba ka takardar sanarwa cewa gidan yana cikin MUD. Kada ka tsaya a kan harajin bana kawai. Ka duba nawa aka amince a ciwo, nawa aka riga aka ciwo, sannan ka lissafa da matarka ko za ku iya ɗauka.