Guguwar da Ba Ta Yi Suna Ba

Wata Laraba ce a farkon daminar bara, bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, ƙasansa ja wur saboda ƙura, samansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Uwargida ta ce in taso mu kwashe shanya. Na ce ta bari in ƙarasa shayina, ai hadarin nan burga yake yi, sau uku ke nan a makon yana haɗuwa yana watsewa. Ban kai ga ajiye kofin ba na ji wata ƙara, ƙiiii, daga sama. Da ma ba mu kai ga yin silin ba. Na ɗaga kai, sai ga ni ga sararin samaniya, ido da ido, ina zaune a bakin katifata.

Kwanon ɗakin ya tashi ɗungurungum, har da katakon da ke riƙe da shi. Ya yi wani juyi a sama kamar shirwa ta hango ɗan tsako, ya haye katanga, ya yi yamma. Eriya ta bi shi. Wandona na Juma'a, wanda na ƙi tashi in kwashe, shi ma ya bi sahu, sai washegari yara suka hango shi a kan darbejiyar ƙofar masallaci yana kaɗawa kamar tuta. Daga nan ruwa ya ɓarke. Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane babu wanda ya yi.

Mai hankali, a irin wannan dare, kafinta zai nema. Ni kuwa wata biyu kafin nan na halarci taron koyar da rubutu a Wikipedia ta Hausa, kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, an ba mu lemo da data, an ce mana tarihinmu yana salwanta saboda ba ma rubutawa. Maganar ta shige ni. Zuwa ranar na yi gyara ashirin da uku, ashirin daga ciki ƙugiya na sa wa k da d da b. Amma a raina ni marubucin tarihi ne da ke jiran tarihi ya faru. To ga shi ya faru, kuma a kaina.

Muka koma ɗakin yara gaba ɗayanmu. Uwargida tana kwalfe ruwa da faranti, ni ina lungu da waya, caji saura kashi goma sha tara. Na buɗe sabuwar maƙala, na raɗa mata suna Guguwar Unguwarmu. Har yanzu ina iya karanto jimlar farko da ka: "Guguwar Unguwarmu wata gagarumar guguwa ce da ta afka wa arewacin Najeriya, musamman gidana." Na yi mata akwatin bayani a gefe, irin na manyan maƙaloli. Gudun iska: mai tsanani ƙwarai. Asara: kwano bandir biyu, eriya ɗaya, wando ɗaya. Waɗanda suka jikkata: zakara ɗaya, yana ɗingishi. Da na zo sashen manazarta na ɗan yi tunani, sannan na rubuta gaskiya tsakani da Allah: "Ni."

Da asuba, tun kafin in yi alwala, na leƙa in ga mutum nawa suka karanta. Na tarar an liƙa wani ƙaton tambari a saman maƙalar, wai an gabatar da ita don gogewa. A shafin tattaunawa kuma wani edita, wanda ban san fuskarsa ba har yau, ya bar min saƙo. Da jaje ya fara, mutumin kirki. Ya ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Sannan ya ce, "Amma Malam, guguwar nan ba ta cika sharaɗin shahara ba. Ina madogararka?"

Ba ta shahara ba? Ni da nake karanta saƙon a ƙarƙashin leda?

Na ba shi amsa da zafina. Na ce ni ganau ne ba jiyau ba, kuma tun kaka da kakanni gani ya kori ji. Ko a gaban alƙali, wanda ya gani da idonsa ake kira, ba wanda aka ba labari a wurin mai shayi ba. Ya amsa cikin sanyin rai, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi fushi. Ya ce a kundin ilimi, shahara ba yawan surutu ba ce, ba kuma girman zafin da abu ya yi wa mutum ba. Abin da ake dubawa shi ne ko majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da hannu a cikin lamarin, sun yi rubutu mai zurfi a kansa. Abin da ka gani da idonka, in ba wanda ya wallafa, sunansa binciken kai, kuma ba a karɓarsa. A taƙaice dai, a wannan gida jiyau ne a kan kujera, ganau yana tsugune a ƙofa.

Na ce ba komai, majiya ce za a samu.

Ƙanina ya riga ya sa hoton ɗakin a Facebook, mutum tamanin da wani abu sun rubuta "Allah ya kiyaye gaba". Na kai wannan. Aka ce ba amintacciyar majiya ba ce, kuma ɗan'uwana ne. Na je wurin mai unguwa ya rubuta min takarda, ya buga hatimi har sau biyu saboda na farko bai fito ba. Aka ce ba a wallafa ta ba. Na hau babur na je wani gidan rediyo, na biya kuɗin sanarwa, aka karanta jajen da na yi wa kaina tsakanin cigiyar akuya da gayyatar ɗaurin aure. Na naɗi muryar na kai. Edita ya tambaye ni wa ya biya. Da na faɗa masa, ya ce to ai ni ne dai na sake magana, sai dai wannan karon da muryar wani.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani ɗan jarida ta waya. Tambayarsa ta farko: mutum nawa suka rasu? Na ce babu. Gidaje nawa suka rushe? Na ce ba rushewa ba, kwano ne ya tashi. Na gida nawa? Na yi ɗan tari, na ce ana kan ƙidaya. Ya ce in an gama ƙidayar in neme shi. Kuɗin da na ƙona a mai da kati da sanarwa a wannan mako ya isa ya sayi fallen kwano biyar. Iska na wahalar da mai kayan kara, ni kuwa ta wuce tun tuni, ni nake bin ta a baya da karan.

Sai na ce bari in ga su waɗanda aka karɓa, me suka fi tawa da shi. Nan na kwana uku ina karatun guguwa. Ashe a tekun Atlantika ba a ma raɗa wa guguwa suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 63 a awa, ba ta shiga sahun manya sai ta kai 119. Sunayen kuma ba ganin dama ba ne, jeri shida ne a hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, ana juya su duk bayan shekara shida. Wadda ta yi mummunar ɓarna sai a yi wa sunanta ritaya, ba a sake sa wa wata. Abin da ya fi ba ni haushi, har cikin masu sunan akwai waɗanda ba su da maƙalar kansu. In guguwa ta ƙare rayuwarta a tsakiyar teku, ba ta taɓa kowa ba sai kifi, sau da yawa ɗan sakin layi ake ba ta a cikin maƙalar guguwoyin shekarar, kamar ɗan haya a gidan yawa. To ina ga tawa da ko suna ni na raɗa mata?

A dare na biyu ne na kusa rasa abin da ya fi kwano. Wajen ƙarfe ɗaya ina kwance ina gunguni, ashe a fili nake cewa, "Kai, Katrina! Katrina ba dama!" Sai na ji an fizge wayar.

"Malam, wace ce Katrina?"

Na ce guguwa ce.

"Ai na ga alama. Tun da ta hana ka barci, ta hana ka gyara mana ɗaki, lalle guguwa ce. 'Yar wace unguwa ce?"

Na ce 'yar Amurka ce. Wannan bai taimaka ba ko kaɗan. Sai da na tashi zaune na nuna mata hotuna: watan Agusta na 2005, birnin New Orleans, katangun da ke tare ruwa sun ɓalle, kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse, mutum sama da dubu sun mutu, asara ta kai dala biliyan 125. Don in ƙara wanke kaina na ce ai daga 1953 har zuwa 1978 sunayen mata zalla ake sa wa guguwoyin can, daga baya aka shigo da na maza. Ta ce ba sai an faɗa mata waɗanda suka zauna suka tsara hakan ba.

Da ta huce muka ci gaba da dubawa tare. Idai, watan Maris na 2019, ta ragargaza birnin Beira na Mozambik, ta shiga Zimbabwe da Malawi, ta kashe fiye da mutum dubu. Freddy, a 2023, ta taso daga kusa da Ostireliya, ta ratsa tekun Indiya kaf, ta yi kwana 36 a raye. Tawa ko minti ashirin ban jin ta cika. Bhola, a 1970, a inda yanzu ake kira Bangladesh, aƙalla mutum dubu ɗari uku. Uwargida ta ajiye wayar a kan tabarma, ta dube ni, ta dubi yara suna barci a jere, ta ce, "Wato baƙin cikinka shi ne ba mu isa a rubuta mu a nan ba?" Na ce a'a, ba haka nake nufi ba. Ta ce to me nake nufi. Na ce bari in duba cajin waya.

Da a ce ina da kunya, da nan na tsaya. Amma a dare na uku na ci karo da abin da na ɗauka shi ne makamina. Ashe mafi yawan manyan guguwoyin da ke dukan Amurka da tsibiran Karibiyan daga wajenmu asalinsu yake. Wani kaɗawar iska ne ke tasowa daga gabashin Afirka a lokacin damina, ya bi ta kan yankin Sahel yana tafe da hadari daga gabas zuwa yamma, ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kep Bad. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi sai ya yi ƙiba, ya fara juyawa, kafin ka ce kwabo an raɗa masa suna ana nuna shi a talabijin. Wato hadarin da kakanninmu suka sani daga gabas yake zuwa, shi ne dai. Kuma ina kwanona ya nufa? Yamma!

Na rubuta wa edita doguwar wasiƙa. Na ce wannan ai rashin adalci ne: 'yarmu ce, a gabanmu ta yi rarrafe, a kan rufinmu ta koyi tafiya, sai ta ƙetare teku ta canza suna sannan ku ce ta shahara. Ya ce bayanin gaskiya ne, har ma zai so in rubuta maƙala a kansa da madogara. Amma in kawo shaidar cewa wadda ta ɗauki kwanona ita ce ta isa can. Ya kuma ja hankalina, a hankali, cewa irin waɗannan sun fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, tawa kuwa a farkon damina ta zo. Na rufe waya.

Ran Asabar kafinta ya zo. Shi ne wanda ya yi rufin tun farko. Ya hau ya duba, ya sauko yana karkaɗe hannu. Baba maƙwabcina yana zaune a dakali, ya ce shi bai ga wata guguwa ba, ɗan iskan farkon damina ne. Wanda ya ga ruwan shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, 1988, ba ya kiran wannan komai. Na ce Baba, ai ta yi ɓarna a unguwa. Ya ce a gidan wa? Muka ƙirga tare. Gida ɗaya ne.

Kafinta ya ce, "Maigida, ka tuna na ce a ɗaure katakon nan da ƙarfe a jikin gini, ka ce tsada? Ka ce a sa ƙusa kawai, ka ɗora duwatsu huɗu da tsohuwar taya a kai?" Uwargida tana bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba. Da ma ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Bayan kwana bakwai aka goge maƙalar. Editan, don ya share min hawaye, ya ce in sa jimla ɗaya a sashen yanayi na maƙalar garinmu. Na rubuta: "A farkon damina akan yi iska mai ƙarfi da ke kwashe rufin gidaje." Kafin magariba wani ya zo ya maƙala mata 'yar alama a gefe, wai ana buƙatar hujja.

Kwanon kuwa na gano shi, gida na huɗu daga namu ta yamma. Mai gidan ya riga ya miƙe shi da guduma ya yi wa awakinsa rumfa. Na yi sallama, muka gaisa, na ce na zo ɗaukar kwanona. Ya tambaye ni ko da sunana a jiki. Na ce babu, amma da idona na ga ya tashi ya yo nan. Ya ce shi ma da idonsa ya ga ya sauko daga sama, kuma abin da ya sauko daga sama rabo ne. In ina da takarda in kawo.

Takardar mai unguwa tana aljihuna, mai hatimi biyu. Na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ai ta nuna kwano ya tashi ne, ba ta ce ga inda ya sauka ba. Wata jar akuya ta leƙo daga ƙarƙashin bandir ɗina biyu, tana tuƙa, ko ɗigon ruwa babu a jikinta.