Wa aka ba aikin bincike a tsofaffin finafinan 'yan sanda na Hollywood?

Duk lokacin da aka taso da maganar yadda tsofaffin finafinan 'yan sanda da 'yan daba na Amurka suka nuna baƙar fata da 'yan Asiya, sai wani ya ce a yi musu uzuri, haka zamanin yake. Uzurin nan bai gamsar da ni ba.

A ɗauki Charlie Chan, jami'in bincike ɗan asalin China da ke warware kisan kai. Wanda ya fito a matsayinsa a finafinai 16 daga 1931 shi ne Warner Oland, haifaffen Suwidin. Keye Luke, wanda shi ne ɗan China na gaskiya, sai aka ba shi matsayin ɗan Chan mai rawar kai. Daga baya aka haɗa Chan da direba baƙar fata, Mantan Moreland, wanda aikinsa shi ne ya zaro ido ya nemi hanyar gudu da zarar an ga gawa. Har a 1958, a Touch of Evil, shafe fuskar Charlton Heston, Bature, aka yi ta yi duhu don ya zama jami'i ɗan Mekziko.

Ruwa ba ya tsami banza. Dokar tace finafinai ta Hays, da aka soma aiki da ita gadan-gadan a 1934, ta haramta nuna soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata, ba a cire wannan sharaɗi ba sai 1956. To kusan duk fim ɗin irin wannan yana da mace a tsakiyarsa, don haka ƙofar zama jarumi ta rufe. Sai kuma kasuwar kudancin Amurka, inda masu tacewa irin Lloyd Binford na Memphis ke sa almakashi a duk wurin da baƙar fata ya fito da mutunci. Furodusoshi suka koyi dabara: a sa baƙar fata a gidan rawa, ko a miƙa masa farantin shayi, yadda in an yanke wurin labarin ba zai yi gurgunta ba.

Wannan ne ma'aunin da nake ganin ya fi ƙirga fuskoki amfani. Cire mutumin daga fim ɗin, ka ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. In ya tsaya, ado aka yi da shi.

Abin da ke rusa uzurin zamani shi ne a zamanin ma an yi akasin haka. Oscar Micheaux, mai shirya fim baƙar fata, ya fitar da Murder in Harlem a 1935 don sinimomin baƙar fata. A 1940 Keye Luke ya karɓi matsayin jami'in bincike Mista Wong daga hannun Bature Boris Karloff, sai dai daga wannan fim ɗin jerin ya mutu. A 1959 Samuel Fuller ya sa James Shigeta, ɗan asalin Japan, ya yi binciken kuma ya samu budurwa Baturiya, Harry Belafonte kuwa, mawaƙi kuma ɗan wasa baƙar fata, da kamfaninsa ya shirya Odds Against Tomorrow, inda ƙiyayyar launin fata tsakanin 'yan fashin ce ke wargaza fashin bankin. Ashe ana iyawa, masu kuɗin ne ba sa son kasada.

Ban goyi bayan a ɓoye finafinan ba, ƙwarewarsu wajen haske da inuwa har yau abin koyi ce. A nuna su, a gaya wa mai kallo wa aka hana fitowa da dalili. Ko In the Heat of the Night na 1967, inda attajiri Bature ya mari Sidney Poitier, jarumin fim ɗin baƙar fata, shi kuma ya rama nan take, labarin a Misisipi yake amma mafi yawansa a Sparta ta jihar Illinois aka ɗauka, domin Poitier bai amince da tsaron ransa a kudu ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, abokin wasansa Rod Steiger ma ya ci. Poitier ko sunansa bai shiga takarar ba.